Yashin da Na Share

Shekara shida na yi ina karen mota, kuma a duk shekarun nan hatsi kawai na sani. Masara daga Sabuwa, dawa da waken suya daga ƙauyukan Faskari, a loda, a ja tamfol, a ɗaure, a tafi. Buhu kau inda ka ajiye shi nan za ka tarar da shi, ko ka taka birki kamar mahaukaci ba ruwanshi. Na faɗi wannan tun farko ne don a gane irin wautar da na tafka, ba don in wanke kaina ba.

Ni ɗan Tafoki ne. Noma muka gada, bin mota kuma aikin rani ne gare ni, da damina ta faɗi sai in koma gona. Da daji ya lalace, 'yan bindiga suka hana mu gonakin nesa, daga baya har na bayan gari suka gagara, sai na kwashi matata da yara uku muka dawo Ƙanƙara. Yayan matata ya ba mu ɗakin da yake ajiye taki da buhunan hatsi. Ɗakin ba taga, warin taki har cikin tuwo, amma mun gode. Ya faɗa mana tun ranar farko cewa aro ne, da kaka ta yi yana son abinshi, don ba shi da inda zai zuba amfanin gona. Matata ta sayar da awakinta biyu aka yi mani lasin. Wata takwas lasin ɗin nan na aljihuna, ban riƙe makullin motar kowa ba.

Mutanen gari gani suke da ka samu lasin shi ke nan ka zama direba. Ina! Na je wurin masu tifa, suka ce sawu ake biya, ranar da ba a gini ba ka da ko sisi, kuma ga mutum biyar na jiran kowace mota. Na je wurin masu tirelar Kudu, can ne ake cewa akwai albashi, suka ce in kawo wanda zai tsaya mani, mai gida a gari da takardar gidan a hannu. Ni da na baro gidan ubana a buɗe, wa zai ajiye mani takardar gidanshi? Tanka kau ban ma tambaya ba, wannan sai ɗan wane. Abin da ya rage shi ne zaman benci a tasha, ko Allah zai sa wani direba ya kwana da zazzaɓi a ce zo ka yi mana sawu ɗaya. Wallahi na kai ga in ji an ce direba ba shi da lafiya raina ya yi fari, sai daga baya in yi istigfari.

A bencin nan wani tsohon direba ya san ni. Baba muke ce mashi duk tashar. Motar kasuwa yake ja, babba mai bodin ƙarfe, ta wani Alhaji mai motoci uku. Yanar ido ta fara rufe mashi gani, har ya kai ba ya gane rami sai ya faɗa. Wata rana ya kira ni gefe ya ce zai ajiye tuƙi, ya kuma yi ma Alhaji maganata. Motar kasuwa ba albashi, kaso ne daga abin da ya rage bayan gas da 'yan kamasho da masu shinge, sai kuɗin abinci, sai kujerar gaba wadda duk fasinjan da ya zauna bisanta kuɗinshi na direba ne. Ba arziki ba ne, amma mutum zai kama hayar ɗaki ya kuma ɗora tukunya kullum.

Alhaji ya gan ni a ƙofar gidanshi, yana bisa tabarma, na durƙusa. Ya ce sawu ɗaya zai gwada ni, ranar kasuwar 'Yankara, in je in dawo, Baba na zaune gefena yana kallo.

"Sharaɗina biyu ne," in ji shi. "Ka shigo gari kafin la'asar. Sannan cikin dajin nan kada ka tsaya. Na taɓa rasa mota a wurin, direban ya tsaya don wani ya ɗaga mashi hannu, tokar motar muka kwaso, shi kau sai da aka sha wuya kafin ya dawo gida. Ko ni ka gani bakin hanya ina ɗaga maka hannu, wuce. Ka ji?"

Na ce, "Na ji, Alhaji. Allah ya ƙara girma."

"In ka tsaya, kada ma ka biyo ta nan, ka ba Baba makulli ka yi gaba."

Ana gobe tafiya Baba ya ba ni makulli in duba mai da ruwa. Na duba, komai lafiya. Sai na hau baya. Kai, abin da na gani! Ƙasan motar duk yashi ne da kashin shanu, ya daskare ya yi kauri ya kusa kai tafin hannu, ga wari. Na tsaya ina tsaki ni kaɗai, ina cewa tsohon nan ba ido kaɗai ya rasa ba, har da tsafta. Mu a motar hatsi, ubangidana mari yake yi in ya ga datti a bodi, don danshi na ɓata buhu. Na ce yau Alhaji zai san ya samu direba. Na aro shebur, na kai motar bakin rafi, na kankare yashin nan tas, na share, na wanke da sabulu har ƙarfen na ɗaukar ido. Hannuna har ya yi kanta. Masu wucewa na cewa sannu da aiki, ni kau ina ta washe baki.

Da na koma gida na tarar matata ta goge mani riga da dutsen guga na gawayi. Ta ce, "Maigida, in Allah ya ba ka makullin nan, ni ɗaki kawai nake so. Ko ba ƙyaure zan rataya buhu." Ta faɗa tana dariya, amma na san dalili. A ranar yayanta ya fara kawo masara, buhu huɗu na jingine a bakin ƙofarmu.

Da sassafe muka tashi da ɗan kayan 'yan tireda, gishiri da katan-katan. Baba ya shiga gaba kai tsaye, bai leƙa baya ba. A hanya yana ta koya mani: ka riƙa lura da motocin da ke tahowa, in ka daɗe ba ka ga ko ɗaya ba to gaba ba lafiya, in an yi maka fitila sau biyu ka rage, kada ka bar ayari ya yi maka nisa. Muka isa 'Yankara lafiya, har ya ce hannuna ba laifi.

Ɗan kamasho ya zo ya ce lodin shanu ya samo mana, zuwa Ƙanƙara. Na juya mota zuwa kara, inda ake cinikin dabbobi, na yi baya da ita har bakin tudun da ake hawar da su. Baba ya sauko yana lalube, ya buɗe ƙyauren baya, ya ɗora tafin hannunshi a ƙasan motar. Sai na ga ya tsaya. Ya sake shafawa.

"Ina yashina?"

Na ce, "Na wanke, Baba."

"Ka me?"

"Na ga datti ne..."

"Innalillahi! Kai wane irin sakarai ne? Shekara shida a bayan mota ba ka san abin da kofato ke takawa ba? Ƙarfe ne wannan! Da sun yi fitsari sau ɗaya ya zama santsi, ko kai ba ka iya tsayuwa bisanshi, balle sa mai ƙafa huɗu mota na tafiya!"

Na ce bari in nemo yashi. Ina zan samu yashi a tsakiyar kasuwa? Kuma a daidai lokacin magana ta fara yawo cewa an ga babura a wani ƙauye ta yamma. Ba wanda ya san gaskiyarta, amma kasuwar nan ba ta jiran a tabbatar. Mata suka fara naɗe tabarmi, direbobi na ta hon, kowa na son ya shiga ayarin farko. Na samu kwando na kwaso ƙasa sau biyar ko shida da hannuna, wani mai injin niƙa ya ba ni ƙaiƙayi rabin buhu, na watsa. Ko rabin motar bai rufe ba. Fatake masu shanun suka ce su ba za su kwana nan ba, a loda.

Shanu goma na fatake ne. Biyu na ƙarshe kau na wani dattijo ne, dogo, siriri, rawaninshi ya ƙoƙe. Farare ne manya, shanun huɗa, kai ɗaya kamar an auna. Shi da kanshi ya hawar da su, yana yi masu magana a hankali, ya ɗaure ƙahonninsu a ƙarfen sama. Ɗan kamasho ya gaya mani su kaɗai suka rage mashi, sauran garken an kore a rana ɗaya. Ɗiyarshi na aure a Ƙanƙara, can zai koma, ya riƙa yi ma mutane huɗa a gonakin bakin gari ana biyanshi. Ya zo wurin tagata kafin ya hau.

"Ɗana, kai ne direban?"

"Ni ne, Baba."

"To a bi da mu a hankali. Ba su taɓa shiga mota ba."

Na ce in sha Allahu. Ban ce mashi komai a kan yashi ba. Ya hau bisa katakon da ake gittawa saman shanu, shi da mutum biyu na fatake. Na ga wuƙa cikin kube a ɗamararshi, kuma wannan ba abin mamaki ba ne. Duk mai rakiyar dabba a mota da wuƙa yake tafiya. In dabba ta faɗi ta gagara tashi, sai a buga rufin mota direba ya tsaya, a yanka ta da sauran ranta, mahauta su saya, mai ita ya tsira da wani abu. In ta mutu ba yanka ta zama mushe, ko fatar ba mai so.

Baba ya ce in ja motar kamar na ɗauko ƙwaryar nono cike. Haka na yi. Ina shiga rami da lallashi, ina fita da lallashi, kuma saboda haka ayari ya tafi ya bar mu. Da muka bar kwalta mai kyau muka shiga dajin, mu kaɗai ne a hanya. Wanda bai bi wurin nan ba ba zai gane ba. Rana tsaka ce, gari fayau, amma ga ƙauyuka ba hayaƙi, ga gonaki ciyawa ta fi mutum tsawo, ko akuya babu. Baba ya ciro carbi yana ja.

Sai ga babura uku sun ɓullo daga wata 'yar hanya ta hannun dama, gab da mu.

Ban yi tunani ba. Ƙafata ce ta taka birki har ƙasa, irin takun motar hatsi. Baba ya daka tsawa, "Taka mai! Taka!" Na saki birki na danna totur. Motar ta yi gaba ta yi baya, na ji wani irin gum a bayana, har sitiyari ya girgiza a hannuna. Da muka gifta baburan na dube su. Mata ne a baya da yara, da katifa a naɗe, da tukwane. Masu gudu ne irina, sun kwaso abin da suka iya.

Ko numfashi ban gama saukewa ba aka fara bugun rufin mota.

"Direba! Direba, tsaya! Sa ya faɗi!"

Muryar dattijon ce. Na dubi Baba. Bai dube ni ba.

"Baba, in tsaya?"

Ya ce, "Sitiyari na hannunka. Amma ka sani, in Alhaji ya tambaye ni ba zan yi mashi ƙarya ba."

Bugun ya ƙaru. Ina jin kofatai na zamewa bisa ƙarfen da na wanke da hannuna, ina jin sauran shanun na turereniya. Mutanen fatake kuma na ta ihu ta ɗaya gefen, "Kada ka tsaya! Wallahi kada ka tsaya a nan!" Dattijon ya leƙo da kanshi ta saman tagata, iska na kaɗa rawaninshi.

"Ɗana, don girman Allah! Suna taka shi! Ka tsaya in tada shi!"

Na ce, "Baba, yi haƙuri, mun kusa!" Ƙarya nake yi, ko rabi ba mu yi ba.

Zan iya cewa don rayukan mutane na ƙi tsayawa, mu biyar ne a motar, kuma ba wanda zai ce na yi laifi. Na sha faɗa ma kaina haka. Amma ni na san abin da ke gabana a lokacin. Ba bindiga nake gani ba. Buhunan masara huɗu nake gani a bakin ƙofa, da matata na cewa ko ba ƙyaure. Na duba madubi, hanya wayam gaba da baya, ba kowa. Minti biyar sun isa. Ƙafata har ta tashi daga totur ta nufi birki, na maido ta.

Can sai roƙon ya canza.

"To ba tada shi zan yi ba! Yankawa kawai! Ka tsaya in yanka, ɗana, yana da sauran rai!"

Yanzu ba da hannu yake bugu ba, da ƙotar wuƙa yake yi, ƙarfe bisa ƙarfe, daidai saman kaina. Daga baya na ji ya yi ƙoƙarin dira cikin shanun mota na tafiya, mutanen fatake suka riƙe shi, don da ya sauka ƙaho zai tsire shi. Hawaye na zubo mani, ina tuƙi ina cewa Allah ka yafe mani, Allah ka yafe mani, amma ban rage gudu ba. Baba ya rufe fuska da hularshi.

Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka yana bugu ba. Na dai san wurin da ya daina, kusa da wata gada da ta karye gefe guda.

A shingen farko na bakin gari na tsaya. Kafin in zagayo dattijon ya riga ya sauka cikin shanun. San na kwance a kusurwa, wuyanshi a murɗe saboda igiyar ƙaho, farin jikinshi duk sawun kofato. Ya taɓa idon da yatsa, bai ƙifta ba. Ya ja wutsiyar, ya jira, ya sake ja. Ya daɗe a tsugune, wuƙar a zare a hannunshi. Sannan ya mayar da ita kube.

A karar Ƙanƙara aka sauke sauran, aka ɗaura ma mushen igiya muka ja shi ƙasa. Mahauta suka zo da saurinsu, suka ga ba jini a wuya, suka juya. Ɗan'uwan san kau ya ƙi tafiya, ya tsaya yana shinshinar na ƙasa. Sa ɗaya ba ya huɗa, wannan ko yaron goye a ƙauyenmu ya sani.

Muka isa ƙofar Alhaji ana kiran la'asar. Ya riga ya ji labari, a garin nan magana ta fi mota sauri. Bai tambaye ni komai ba, sai ya juya ya tambayi Baba.

"Ya tsaya?"

"Bai tsaya ba, Alhaji."

"Ana buga mashi?"

"Ana buga mashi."

Alhaji ya yi murmushi ya ce, "To wannan shi ne direba." Ya ce asarar dabba a hanya ta mai ita ce, haka aka saba, Allah ya mayar mashi da alheri. Na jira Baba ya faɗi maganar yashi. Bai faɗa ba. Alhaji ya karɓi makullin da na riga na mayar ma Baba ya sa a hannuna, ya ce jibi akwai lodin masara a Sabuwa. Na yi godiya har ƙasa. Abin da na yi wata takwas ina roƙo ke nan, kuma na karɓa, ban ce a'a ba.

Daga nan ban wuce gida ba, kara na koma. Dattijon na zaune gindin wata bishiyar bedi, igiyar san da ya rage a hannunshi, yana jiran surukinshi. Na durƙusa gabanshi na faɗa mashi duka: yashin da na share, da birkin, da sharaɗin Alhaji, har da ɗakin taki. Na so ya zage ni. Wallahi da ya ɗaga sandarshi ya rafka mani da na ji sauƙi.

Ya saurare ni har na gama. Sai ya ce, "An ba ka motar?"

Na ce, "An ba ni, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya kwance wuƙar daga ɗamararshi, da kuben, ya miƙo mani.

"Riƙe. Kai ne za ka ci gaba da ɗaukar shanun mutane. Ni ba ni da abin yankawa kuma, wannan gobe zan sayar."

Na ce ba zan karɓa ba. Ya ajiye ta bisa gwiwata ya juya fuskarshi wajen san.

Da na shiga gida matata ta ga makulli ta rangaɗa guɗa, yara suka yi ta tsalle ba su ma san dalili ba. Ta ce, "Maigida, hanya lafiya?" Na ce lafiya lau. Kafin kaka ta ƙare muka kama ɗaki a bayan tasha, da ƙyaurenshi har da taga.

Yanzu shekarata ta uku da motar. Ana gobe kasuwar shanu ni da kaina nake zuwa rafi in loda yashi, ba na aika kowa, kuma wanda duk ya taɓa mani shi da tsintsiya sai mun yi faɗa. Wuƙar na cikin aljihun mota, ƙarƙashin takardu. Sharaɗin Alhaji na nan yadda yake, dajin ma na nan yadda yake, duk mako sai na bi ta gadar nan da shanun wani a bayana. Har yau ba a sake buga mani rufi ba, kuma har yau ban san ko zan tsaya ba.